IRƘUN-NASA: CIWON DA KE TASOWA DAGA ƘUGU YA SAUKA ƘAFA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Darasin yau da ɗan tsawo, wanda yake kan hanya ko bakin aiki ya ajiye sai ya nutsu.

Ga abin da ya jawo shi. Kwanaki bayan sallar isha'i a masallacinmu na nan Gyaɗi-Gyaɗi, na ga wani maƙwabcinmu mai tuƙa adaidaita sahu ya kasa miƙewa sai da ya dafa bango. Mutum ne majiyi ƙarfi, bai fi shekara arba'in ba. Da muka fito na ce, "Malam, lafiya kuwa?" Ya ce, "Wallahi Malam, sati uku ke nan. Daga nan yake tasowa," ya dafa ƙugunsa, "ya bi ta mazauni, ya bi bayan cinya, har babban yatsa, kamar an jona min wayar wuta. An ce basir ne, na sha na basir. An ce sanyi ne, na sha na sanyi. An yi min ƙaho a sha-raɓa, an yi min allura biyu a kemis. Yanzu kuma a gida ana cewa wani abu na tsallaka." Ga mai mashin yana jiran balas kullum, ga cefane, ga kuɗin makarantar yara.

Irin wannan ƙorafin ya yi yawa a saƙonnin da kuke turowa, daga teloli, masu zaman shago a kasuwar Tarauni, 'yan ga-ruwa, ma'aikatan ofis, da iyayenmu mata. Larabawa suna kiran ciwon irƙun-nasa (kalmar Larabci ce, ba "nasa" ɗin Hausa ba), likitocin asibiti kuma suna cewa sayatika.

*WACE JIJIYA CE?*

Matsalar farko daga harshenmu take. Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran abu uku: hanyar jini jijiya ce, agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, sannan farin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi shi ma jijiya ne. Shi ya sa da an ce wa mutum "jijiya ce", sai hankalinsa ya tafi kan mataccen jini da ya taru a ƙafa, ya nufi wanzami. To wadda muke magana a kai ta ukun ce, mai kai saƙo. Jini ba ya gudana a cikinta.

Ita ce mafi girma da tsawo a irin waɗannan jijiyoyi a jikin ɗan Adam. A wajen mazauni kaurinta ya kusa na babban yatsan hannu. Saiwoyi biyar ne suke fitowa daga ƙasan gadon baya su haɗu su zama ita, ta ratsa ƙarƙashin tsokar mazauni, ta gangara bayan cinya, ta rabu biyu a saman bayan gwiwa, rassanta su kai har tafin ƙafa da yatsu. Kowace ƙafa da tata.

Shi kuma gadon baya ƙasusuwa ne jere ɗaya kan ɗaya, guda biyar manya a wajen ƙugu. Tsakanin kowane biyu Allah Ya sanya wani faifai da ke aikin shakazoba: kewayensa tauri kamar roba, tsakiyarsa laushi kamar koko da ya huce ya yi kauri. Idan kewayen ya tsage, saboda shekaru, ko ɗaukar nauyi a sunkuye, ko dogon zama da jijjigar abin hawa, sai na tsakiyar ya bulluƙo ya danne saiwar jijiyar, wurin ya kumbura. Kusan kashi 9 cikin 10 na masu wannan ciwo daga nan nasu yake. Sai a shekarar 1934 wasu likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Mixter da Barr, suka tabbatar da haka ta hanyar tiyata.

Kun ga ke nan zafin a ƙafa ake jin sa, amma ɓarnar a baya take. Kamar waya ce ta sami matsala a jikin falwaya, ƙwan ɗaki ya riƙa kawowa yana ɗaukewa. Ko ƙwai goma ka canza bai gyaru ba. Maƙwabcin nan namu duk hidimarsa a kan sha-raɓa ya yi ta, inda babu komai.

Ga dattawa sau da yawa hanyar da jijiyoyin ke bi ce take tsukewa saboda tsufan ƙashi. Za ka ga tsoho ya kama hanyar masallaci, kafin ya kai ƙafafu sun yi nauyi, sai ya zauna a dakalin wani ya huta, ko ya ɗan sunkuya, sannan ya ci gaba. Mai juna biyu ma takan samu, musamman a watannin ƙarshe, kuma galibi yakan tafi bayan haihuwa.

*YADDA AKE GANE SHI*

Yawanci ƙafa ɗaya yake kamawa. Zafin ƙafar ya fi na bayan, wani ma bayan ba ya masa ciwo ko kaɗan. Yakan wuce gwiwa ya sauka ƙasa. Wani ya ce kamar wuta, wani kamar shokin, wani kamar kiyashi na tafiya a fata ko ana tsira masa allurai, wani kuma ƙafar sagewa take. Tari, atishawa, ko yunƙuri a bayan gida suna harba zafin har ƙasa. Dogon zama yana tayar da shi. Wanda nasa ke bi ta saman ƙafa zuwa babban yatsa, da wanda nasa ke bi ta dunduniya zuwa ƙaramin yatsa, saiwoyi daban-daban ne aka danne musu, shi ya sa likita zai ce ka nuna masa hanyar da zafin ke bi.

Akwai gwajin da za a iya yi a gida. Mutum ya kwanta rigingine a kan tabarma, wani ya ɗaga masa ƙafar a miƙe, sannu a hankali, ba tare da lanƙwasa gwiwa ba. Idan tun kafin a kai rabin hanya zafin da ya sani ya harba har ƙasan gwiwa, to alama ce mai ƙarfi. Jan tsokar bayan cinya kawai ba shi ba ne, kowa yana jin wannan.

Basir fa? Basir jijiyoyin jini ne da suke kumbura a dubura, ba shi da hanyar da zai bi ya sauka dunduniya. Inda suke haɗuwa shi ne mai taurin bayan gida yana yunƙuri, yunƙurin ya tayar masa da duka biyun. Kuma ba duk ciwon ƙafa ne irƙun-nasa ba. Mai ciwon suga da tafin ƙafafunsa biyu ke raɗaɗi da dare, wannan daban. Mai sikila da ciwon ke maƙale a makwankwaso da matsematsi, yana ɗingishi, a duba masa kan ƙashin cinya. Ƙafar da ta kumbura ta yi zafi farat ɗaya, musamman bayan haihuwa ko doguwar tafiya, ana tsoron gudan jini ne, asibiti za a nufa a ranar, kada a yi mata tausa.

*ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU*

Na kawo wannan tun yanzu saboda na san wasu ba sa kaiwa ƙarshen saƙo.

A can ƙasan gadon baya jijiyoyin a tare suke kamar jelar doki, kuma a cikinsu akwai masu kula da fitsari, bayan gida da al'aura. Idan faifan ya fashe sosai ya danne su gaba ɗaya, awoyi ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. Jinkiri kan bar mutum da robar fitsari har ƙarshen rayuwa. Ga yadda za ka gane: ka je tsarki ba ka jin sanyin ruwa a tsakanin cinyoyi ko dubura kamar da. Fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ka sani ba. Bayan gida yana kuɓucewa. Ciwon ya kama ƙafa biyu lokaci guda. Mazakuta ta mutu farat ɗaya tare da ciwon. Ko ɗaya aka gani a cikin waɗannan, ko ƙarfe biyun dare ne, a tafi sashen gaggawa. Mu mutanen Gyaɗi-Gyaɗi, Hausawa, Darmanawa da Unguwa Uku ba mu da uzuri, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan bakin titin Zariya, wasunmu da ƙafa ma za su isa. Kuma don Allah a cire kunya a faɗa wa likita zancen tsarkin da fitsarin ƙarara. Da yawa sukan ce "baya ne ke ciwo" su yi shiru da sauran, sai a ba su magani a sallame su.

Sai raunin ƙafa. Idan silifas ya fara zamewa daga ƙafarka ba ka sani ba, ko yatsu suna jan ƙasa kana tuntuɓe, ko ba ka iya tafiya a kan dunduniya ko kan yatsu, jijiyar ta fara gazawa. Wannan ma a ga likita cikin kwana ɗaya ko biyu.

Akwai kuma ciwon bayan da ke zuwa da zazzaɓi, gumin dare, rama, ko wani ƙusumbi da ya fara fitowa a gadon baya. A ƙasarmu tarin fuka yakan kama ƙashin baya ko mutum ba ya tari, kuma yana shanye ƙafafu idan aka bar shi, alhali maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Haka wanda ya taɓa yin ciwon daji, ko ya faɗo daga sama, ko ya yi hatsari, ko dattijon da ciwon ba ya lafawa ko a kwance. Waɗannan ba na jinyar gida ba ne.

*ABIN DA YA ZO A SUNNA*

Ciwon tsoho ne. Malaman tafsiri, a wajen aya ta 93 cikin Suratu Ali Imrana, sun kawo daga Abdullahi ɗan Abbas cewa Annabi Yaƙubu (AS) ya yi fama da irƙun-nasa, kuma a kansa ne ya haramta wa kansa naman raƙumi da nononsa. Wanda yake ganin sai an yi masa jifa ko ya tsallaka wani abu ƙafarsa za ta yi haka, ya tuna Annabin Allah ma ya same shi. Kada a ɓata zumunci da kishiya ko abokin kasuwa a kan faifan baya.

Hadisin da aka fi tambayata shi ne na Anas ɗan Malik (RA) da Ibnu Majah ya ruwaito, Albani kuma ya inganta shi. Ma'anarsa ita ce Manzon Allah (SAW) ya siffanta maganin irƙun-nasa da kitsen jelar tunkiyar ƙauyawan Larabawa, a narka shi, a kasa uku, a riƙa shan kaso ɗaya kullum kafin a ci komai. Mun yi imani da maganar Manzon Allah (SAW). Saura fahimta, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya, don na ga ana yawo da hadisin ana sayar da man rago a kwalba.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya yi bayaninsa a Zadul Ma'ad. Da farko ya siffanta ciwon yadda za ka rantse ya ga maƙwabcin nan namu: yana farawa daga ƙugu, ya bi bayan cinya, wani lokaci har idon sawu, kuma idan ya daɗe ƙafar takan rame. Ya ma kawo cewa an sa masa wannan suna ne don zafinsa na mantar da mutum komai. Sannan ya kafa ƙa'ida: maganganun Annabi (SAW) a kan magani, akwai na kowa da kowa a ko'ina, akwai kuma waɗanda aka yi wa wasu mutane a wani wuri saboda yanayinsu. Ya sanya wannan hadisin a kashi na biyu. Ya ce da mutanen Hijaz da maƙwabtansu ake, musamman mazauna sahara, kuma an keɓe tunkiyarsu ne saboda irin tsirran da take kiwo, kamar shihu, ɗan uwan tazargade.

To mu duba namu. Tumakin Larabawa jelarsu faffaɗa ce, curin kitse ne guda. Namu, Balami da Uda da 'Yankasa, jelarsu siririya ce, wanda ya taɓa fiɗar ragon layya ya sani. Ga shi ragon birni dusa da kowa da harawa yake ci a ɗaure. Kitsen cikin ragon da aka turke a Tarauni ba shi ne abin da hadisin ya ambata ba, kuma wanda ya sayar maka da shi da sunan "maganin Annabi" ya faɗi abin da ba haka ba. Wanda ya sami na ainihi, lafiyarsa ƙalau, ya sha ɗan kaɗan na kwana uku da niyyar bin sunna, ban hana shi ba. Amma mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai suga, mai teɓa, ko mai tsakuwar matsarmama, kada ya ɗirka wa kansa kitse da safe sai ya yi shawara da likitansa. Kuma hadisin bai ce kwana talatin ba, bai ce a bar neman wani magani ba.

Ƙaho sunna ne, Abu Dawud ma ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa an yi wa Annabi (SAW) ƙaho a ƙugu saboda wani targaɗe. Yakan sassauta ɗaurewar tsokar baya, wasu suna jin daɗinsa. Faifan da ya bulluƙo kam ba ya mayar da shi. Wanda zai yi, ya je wajen wanda ya iya, da sabuwar reza da aka buɗe a gabansa, don ciwon hanta ta aska yake yawo. Mai ƙarancin jini, mai shan maganin tsinka jini, da mai sugan da miki ba ya warke masa da wuri, su haƙura. Sakiya da lalas kuwa a bar su. Annabi (SAW) da kansa ya nuna ba ya son magani da wuta, kuma ƙona fatar da ta riga ta sage gyambo kawai yake haifarwa.

Addu'a ita ce ta kowa. Muslim ya ruwaito cewa Usman ɗan Abil Asi (RA) ya kai kukan wani ciwo, Annabi (SAW) ya umarce shi ya ɗora hannu a wurin, ya yi Bismillah sau uku, ya nemi tsarin Allah da ikonSa daga sharrin abin da yake ji sau bakwai. Lafazin yana cikin Hisnul Muslim. A riƙe ta safe da yamma.

*JINYAR GIDA*

Albishir shi ne mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin sati 4 zuwa 6, wasu har wata uku, ba tare da tiyata ba. Jiki da kansa yake tsotse abin da ya bulluƙo, kumburin ya sauka. Aikinka shi ne kada ka ƙara ɓarna kafin lokacin ya yi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwanciya. Kwana ɗaya ko biyu idan zafin ya tsananta, babu laifi. Fiye da haka tsoka ce take saki, bayan ya ƙara sandarewa. A tashi a riƙa takawa, minti biyar ko goma a tsakar gida ko cikin layi, sau da yawa a yini, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Tafiya masallaci sau biyar ma ta isa ma'auni.

Zama shi ne abokin gaba. Tela, mai shago, mai POS, ma'aikacin ofis, kada a wuce rabin awa ba a miƙe ba. Kujerar falo mai lotsawa da ƙaramar kujerar tsugunno sun fi kowacce illa. A sami mai tauri mai majingina, a naɗe tawul a tokare ƙugu. Direba ya yi haka a kujerarsa, ya cire komai daga aljihun baya, in ya sauke fasinja ya fito ya miƙe ko na minti ɗaya ne, ya kuma rage gudu a kan ramuka.

Wajen barci, a kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi ƙarƙashin gwiwoyi. Katifar da ta lotse a tsakiya a sauke ta ƙasa ko a canza. In za a tashi, a fara juyawa gefe, a sauke ƙafafu, a tokare da hannu, kada a zabura kai tsaye.

Sai nauyi. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Buhun shinkafa da na siminti kilo 50. A makonnin nan a bar su gaba ɗaya, haka jan guga da kinkimar janareta. Bayan an warke, a riƙa durƙusawa da gwiwa, a rungumo kayan kusa da jiki, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. Maigida, wannan naka ne: idan uwargida ce ba lafiya, wanki a sunkuye da shara da gajeriyar tsintsiya da goyo su ne suke hana ta warkewa. A ɗora bahon wanki a kan benci, a sayo tsintsiya mai sanda, yara su karɓi aikin. Sayen magani kana barinta da ɗaukar bokiti asarar kuɗi ce.

Gashi da tawul mai ɗumi a ƙugu minti 15 zuwa 20 yana taimakawa. A gwada zafin da hannu tukuna, don fatar da ta sage tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Man zaitun ko man habbatus sauda, a ɗan ɗumama a shafa a hankali, yana sakin tsoka. Amma kada a sa yaro ya taka bayan, kada a bari wani ya finciki ƙafar wai zai mayar da jijiya wurinta. A yawaita ruwa da ganye, zogale, rama, alayyafo, don a huta da yunƙuri. Mai shan taba ya sani tana busar da faifan baya.

Motsa jiki ɗaya zan bayar, sauran na likitan fisiyo ne. Ka kwanta rub da ciki minti biyu ko uku. In ka ji daidai, ka ɗago ƙirji ka tokare da gwiwar hannu, ƙugu na ƙasa. Ka lura da inda zafin yake tafiya. Idan yana janyewa daga ƙafa yana komawa baya, ko da bayan ya ɗan ƙara ciwo, alamar alheri ce, ci gaba. Idan yana ƙara gangarawa ƙasa, dakata, ba naka ba ne. Dattijon da sunkuyo ke ba shi sauƙi ma wannan ba nasa ba ne.

Game da salla, hadisin Imrana ɗan Husaini (RA) a Bukhari ya ba da sauƙi: a tsaye, in an kasa a zaune, in an kasa a kishingiɗe. Sai dai na lura da mutum ya ji ciwon baya sai ya jawo kujera ya yi sallar duka a kai. Mai irƙun-nasa sau da yawa tsayuwa ta fi masa sauƙi, ruku'u da zaman tahiya ne suke ba shi wuya. Wanda zai iya tsayuwa, tsayuwar farilla ba ta faɗi a kansa ba. Ya tsaya, ya sunkuya gwargwadon ikonsa ko ya yi nuni, abin da ya gagara shi kaɗai zai sauya. Wanda nasa ya rikice ya tambayi limaminsa.

*KEMIS DA ALLURA*

Magungunan rage kumburi irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma na 'yan kwanaki ne, bayan an ci abinci, kuma ɗaya ake sha, ba a haɗa biyu. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini, mai juna biyu da tsofaffi, sai da izinin likita. Ku duba yawan masu zuwa wankin ƙoda a garin nan kafin ku mayar da maganin ciwon jiki kamar goro. Haɗin da ake ƙullawa a leda, ƙwaya biyar ko shida ba suna, a guje shi. Sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, mai sa kumburin fuska, tayar da suga da cinye ƙashi. Tramadol kuwa kun san inda ya kai matasanmu.

Allurar mazauni ita ce ta fi ba ni tsoro. Jijiyar nan a ƙarƙashin wurin take wucewa. Wanda ya koyi aikin yakan kasa mazaunin gida huɗu ya yi a na sama ta gefen waje. Wanda bai iya ba ya soka a tsakiya, ya sami jijiyar, mutum ya tashi yana jan ƙafa. Yara ramammu masu zazzaɓi sun fi shiga wannan hatsarin, kuma wasu ba sa komawa daidai. Idan ana allura aka ji zafi ya harba har ƙafa, a ce a tsaya nan take. Allura ba ta fi ƙwaya warkar da wannan ciwo ba, ɗaukar kasada ce a banza.

*HOTO DA TIYATA*

Idan an kai sati shida babu sauƙi, ko zafin ya hana barci da neman abinci, a je asibiti. Ga na Malam Aminu Kano kusa, ga Asibitin Ƙashi na Dala, duka suna da likitocin ƙashi da sashen fisiyo. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifai ko jijiya, MRI ne yake nunawa, kuma da tsada. Kada ka kai kanka ka biya tun satin farko, likita ne zai ce lokaci ya yi. Mutane da yawa da ba sa ciwon komai in aka yi musu MRI za a ga faifansu ya ɗan turo, don haka takardar sakamako kaɗai ba hukunci ba ce.

Tiyata kaɗan ne suke buƙatarta. A 2007 an buga wani bincike daga ƙasar Holan a kan mutum 283 masu tsananin wannan ciwo. Rabi aka yi musu tiyata da wuri, rabi aka ci gaba da jinya, sai wanda ya kasa jurewa aka yi masa daga baya. Na farkon sun riga samun sauƙi, amma bayan shekara ɗaya kusan duk ɗaya suke. Don haka wanda zafi kaɗai ke damunsa yana da zaɓi. Wanda fitsari ya riƙe masa ko ƙafa ke mutuwa ba shi da shi, kuma zancen "in aka taɓa baya an shanye" shi ne yake sa a zauna a gida har shanyewar ta zo da kanta.

Maƙwabcin namu a harabar masallaci na sa shi ya yi tafiya a kan dunduniya, ya dawo a kan yatsu, ƙarfin ƙafar yana nan. Na tambaye shi zancen tsarki da fitsari, ya ce lafiya lau. Ya daina allura da haɗin kemis, ya roƙi mai mashin ya rage masa balas na wata ɗaya, yana fita da safe ƙaninsa ya karɓa da rana. Jiya ya ce min zafin ya bar yatsa ya tsaya a cinya, amma zama har yanzu da wuya. Mun yi da shi in sati shida ya cika bai iya zaman tahiya ba, zai je ya yanki kati.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.